Neman kifin maski bayan narkewar ƙanƙara, ruwa bai ɗumama ba tukuna

Wani ɗan'uwa da ke zaune kusa da birnin Columbus a jihar Ohio ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake fatsa a kogin garinsu, da ya zo nan kuma abokan aiki suka kwaɗaita masa kamun maski, wani babban kifi dogo mai haƙora da ke cin ƙananan kifaye a tafkunan Arewacin Amurka. Ya kashe kuɗi ya sayi kaya, ya fita tafki cikin watan Maris bayan ƙanƙara ta narke, ya yini yana jifa da manya-manyan kifayen yaudara, wato kifayen ƙarya masu ƙugiya da ake ɗaurawa a igiyar fatsa, irin waɗanda yake gani a bidiyo, amma ko inuwar kifi bai gani ba. Abin da yake so ya sani shi ne, anya kifin nan yana ci a ruwa mai sanyi haka, ko dai ya ajiye kaya sai zafi ya shigo?

Malam, kada ka ajiye kayanka. Yana ci, kuma matan maski ba su taɓa yin nauyi kamar yadda suke yi a waɗannan makonni ba, domin cikinsu cike yake da ƙwai. Maski mafi nauyi da aka rubuta a tarihin jihar da kake zaune, mai fam 55 da ɗoriya, wato kimanin kilo 25, a tafkin Piedmont aka kama shi cikin watan Afrilun 1972. Saboda haka ba lokacin ne ya hana ka ba. Abin da na fi zargi shi ne wurin da ka tsaya kana jifa, sannan girman abin da kake jefawa, sannan saurin da kake jawo shi. Na jera su ne bisa nauyinsu, kuma a kan na farkon zan fi daɗewa, domin wanda ya gane wuri ko da kaya marasa kyau zai ga kifi, wanda bai gane ba kuwa ko kantin ya kwaso gaba ɗaya a banza.

Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar ni da kai. Zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Idan ruwa ya yi sanyi sai komai nasa ya yi sanyi: motsinsa, yunwarsa, har narkewar abinci a cikinsa. Kifin da ya haɗiya a watan Yuli ya narke nan da nan, a watan Maris sai ya kwana da kwana yana cikinsa. Ke nan ba kullum yake farauta ba, idan zai yi ma ba ya son wadda za ta ci masa ƙarfi. Ga kuma wani abu da ke jan sa a daidai wannan lokaci, wato zuba ƙwai. Maski yana zuba ƙwai ne idan zafin ruwa ya kai tsakanin digiri 9 da 15 a ma'aunin Salshiyas, ya fi so a wajen 13. A ma'aunin Faranhait da na'urar jirgin ruwanka za ta nuna maka, wannan shi ne 49 zuwa 59, tsakiyarsa 55. Ƙwan da ke cikin mace ɗumi ne yake nunar da shi. Don haka tun makonni kafin lokacin, mata da maza suke baro zurfi suna matsowa wuraren da suka fi saurin ɗumama. Ƙananan kifayen da suke ci su ma can suke nufa. Kowa ɗumi yake nema.

To ina ɗumin yake? Ranar da ƙanƙara ta gama narkewa, kusan duk tafkin daga sama har ƙasa yana wajen digiri 4 ne, wato 39 a Faranhait, domin a nan ne ruwa ya fi nauyi. Daga nan duk ɗan zafin da rana ta ba shi a sama yake tsayawa, tun da ruwan ɗumi ya fi rashin nauyi. Tsakiyar tafki mai zurfin ƙafa 40 zai ɗauki makonni bai motsa ba. Amma lungu mai zurfin ƙafa 2 zuwa 6, mai baƙin laka ko ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, yini ɗaya na rana mai kyau ya isa ya ɗaga shi digiri biyu ko uku. Wannan ɗan bambanci da hannunka ba zai ma ji shi ba, shi ne ke raba ruwan da babu kowa da ruwan da maski uku ke kwance.

Ka fara duba lungunan da ke gefen arewa na tafki. A wannan yanki na duniya rana ta kudu take karkata, saboda haka gaɓar arewa ce ke fuskantar ta kai tsaye, tudu da itatuwan da ke bayanta kuma suna tare mata iskar arewa mai sanyi. Ka nemi lungu mai ƙuntataccen baki, wanda ruwan babban tafki ba ya shiga ya wanke masa ɗumin da ya tara. A madatsun ruwa irin na Ohio, su Alum Creek da ke arewa da kai kaɗan, da Clear Fork, da Caesar Creek, da Leesville, ɓangaren sama inda rafi ke shigowa shi ya fi rashin zurfi, shi ya fi gurɓata da laka, shi kuma ke fara ɗumama. Mutane da yawa suna ƙyamar ruwa mai laka, alhali ruwan da ya ɗan gurɓata ya fi garai-garai saurin shan rana. Abin gudu shi ne wanda ya zama jawur bayan ambaliya har ba ka iya ganin kifin yaudararka a zurfin taƙi ɗaya. Duwatsun da ake jerawa a gefen gada da jikin dam su ma suna shan rana su riƙe, haka itacen da ya faɗa ruwa. Kada ka wuce su da la'asar ba ka jefa ba.

Iska ma tana da hannu. Idan aka yi kwana biyu ko uku ana rana da iska mai ɗumi daga kudu, sai ta tura ruwan saman da ya ɗumama ta tara shi a gaɓar da take bugawa. Idan ta juya ta koma ta arewa, cikin dare ɗaya za ta kwashe shi, ka dawo gobe ka tarar da lungun wayam. Ruwan sama kuma iri biyu ne. Mai ɗumi yana ɗaga zafin rafi, ya sa bakin rafin ya cika da kifi. Wanda ya sauko da sanyi ko ya narkar da dusar ƙanƙara kuwa, rafin ne zai zama wuri mafi sanyi a tafkin gaba ɗaya. Shi ya sa ba na yarda da taswira ita kaɗai. Ma'aunin zafi nake bi. Idan na shiga ruwa a irin wannan lokaci, kafin in ɗaura komai a igiya sai na zaga da jirgi a hankali ina kallon lambar nan tana hawa tana sauka, in riƙe wuraren da suka fi ɗumi, sannan in fara jifa daga wanda ya fi kowa. In ba ka da jirgi mai na'ura, ƙaramin ma'aunin zafi na hannu da za ka ɗaura wa zare ka tsoma ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai na kifin yaudara ɗaya ba.

Wani abu kuma: ba lambar kawai za ka duba ba, ka duba inda ta dosa. Ruwa mai digiri 7 a Salshiyas da ya hau daga 5 cikin kwana uku ya fi ruwa mai digiri 9 da ya sauko daga 12. Na farko kifayensa sun farka, na biyu sun ja da baya sun rufe baki. Idan sanyi ya dawo haka, ba sa yin nisa. Sukan koma wuri na farko mai ɗan zurfi a bakin lungun, ƙafa 8 zuwa 12, ko cikin tsohuwar hanyar rafin da ruwan dam ya binne, su kwanta a ƙasa. Can za ka bi su.

Wannan shi ke gaya maka lokacin fita ma. Sammakon da muka saba da shi ba shi da riba a nan. Da asuba ruwa ya kwana yana zubar da ɗuminsa, shi ne mafi sanyinsa a yini. Ka yi abin da za ka yi da safe, ka sallaci azahar, ka shiga ruwa. Daga nan zuwa dab da magariba ne zafin ke kai ƙarshensa, cikin waɗannan awoyi kuma akan sami ɗan lokaci, wani sa'in bai fi rabin awa ba, da kifayen za su buɗe baki kusan tare. Ranar da ta fi kowace kyau ita ce ta uku ko ta huɗu a jerin ranakun ɗumi, musamman idan hadari na tafe a bayanta.

Idan ruwan yana da ɗan haske, sa tabarau irin na masunta mai kashe ƙyallin ruwa, ka tsaya a gaban jirgi rana na bayanka. Za ka gan su. Abin da ka ɗauka guntun itace ne kwance a kan baƙin laka a zurfin gwiwa, sai ka lura fuka-fukansa jajaye-jajaye suna ɗan kaɗawa. Ya kwanta yana shan rana kamar ƙadangare a kan katanga da safiyar hunturu. Irin wannan kifin tsoro gare shi. Kashe babban inji tun daga nesa, kada ka jefar da filaya a ƙasan jirgi, kada inuwarka ta faɗa kansa. Kuma kada ka jefa masa a ka. Ka jefa can gaba da shi da ƙafa goma ko fiye, ka jawo abin ya ratsa ta gaban hancinsa kamar ba shi ake nufi ba. Da yawansu za su yi biris da kai. Ka riƙe wurin a ranka ka dawo bayan awa ɗaya ko biyu, sau da yawa wanda ya ƙi ka da azahar shi ne zai kai wa abin cafka bayan la'asar.

Yanzu ga maganar kifin yaudara. Waɗancan manya masu tsawon inci 12 zuwa sama da ka gani a bidiyo, na damina ne da kaka, lokacin da kifin ke neman babban loma. Yanzu ka sauko zuwa inci 5 zuwa 7. Ba wai babban maski ba zai iya haɗiye babban abu a Maris ba ne, yana iyawa. Amma a ruwa mai zurfin ƙafa 3, faɗuwar ƙaton abu tana razana shi, kuma ƙaramin abu ya fi sauƙin sarrafawa a hankali ba tare da ya nutse cikin laka ba.

Babban abincinsa a madatsun Ohio da Kentucky da kudancin Illinois shi ne wani farin kifi mai faɗin jiki da ake kira shad. Shi shad ba ya jure sanyi. Ƙarshen hunturu da yawansu sukan galabaita, wasu su mutu. In ka taɓa ganin ɗaya yana fama, za ka lura ba ya iyo a miƙe: sai ya yi ɗan zillo, ya karkata gefe, ya tsaya cak yana reto, sannan ya sake yunƙurawa. Wannan motsi kake so ka kwaikwaya, kuma ranka duka yana wajen tsayawar nan. Mutane suna jin an ce a rage sauri a ruwan sanyi sai su riƙa naɗe igiya a hankali ba tsayawa, abin ya yi ta tafiya salalo-salalo babu rai. Ba haka ba ne. Ka fizga da ɗan kaifi sau biyu ko uku don ya walƙa ya jawo ido, sannan ka sake shi ya tsaya. Ƙirga uku, ƙirga biyar, in ruwan bai kai digiri 7 ba har goma ba ta yi yawa ba. Mafi yawan cizon a cikin tsayawar yake zuwa, ko a daidai fizgar farko bayanta. Wani lokaci ba za ka ji komai a hannu ba, sai dai ka ga igiya ta yi gefe ko ta yi sako-sako. Saboda haka idonka kada ya bar inda igiya ta shiga ruwa.

Iri uku nake ba da shawara, sun ishe ka. Na farko siririn kifin yaudara mai ɗan leɓe a baki wanda ke tsayawa a tsakiyar ruwa idan ka daina ja, ba ya tasowa ba ya nutsewa, kamar manyan Husky Jerk na kamfanin Rapala, ko ƙananan Jake da Grandma masu faɗin gefe, duk da su suna tasowa idan ka daina ja. Na biyu wanda ba shi da leɓe, wanda ke sulalewa dama da hagu duk lokacin da ka buga kan sanda ƙasa, irin su Phantom mai inci 6. Wannan yana buƙatar koyo, amma a ruwan sanyi mai haske ban san wanda ya fi shi tayar da kifi ba. Na uku na roba mai laushi da dogon wutsiya, kamar ƙaramin Bull Dawg, wanda za ka ɗaga ka bar shi ya faɗi. Shi ne na ranar da sanyi ya dawo suka koma bakin zurfi. Mai cokali mai juyawa da gashi a baya, irin su Mepps, ka ajiye shi tukuna sai ruwa ya haura digiri 12 ko 13, ko bayan an gama zuba ƙwai.

Akwai guda ɗaya da ya saɓa wa duk abin da na faɗa, kuma zai zama rashin adalci in ɓoye maka shi. A tafkin Cave Run na Kentucky da tafkin Kinkaid na kudancin Illinois, abin da masunta suka daɗe suna dogara da shi a Maris shi ne ƙaramin kifin yaudara mai ƙarar tsakuwa a ciki, Rat-L-Trap da 'yan'uwansa, wanda asali don wani kifi dabam aka ƙera shi. Ana jefa shi a fili mai zurfin ƙafa 2 zuwa 5 mai ruwan laka, a naɗo shi da sauri, kuma manyan mata suna cafke shi. Dalilin a ganina shi ne, a ruwan da ido ba ya aiki, maski da layin da ke gefen jikinsa yake farauta, wanda ke jin girgizar ruwa, abin da ya zo ya wuce ta gabansa da ƙara kuwa ba ya ba shi damar tunani. Yana kuma ba ka damar tankaɗe fili mai faɗi cikin ɗan lokaci ka gano inda suke. Ƙa'idata ita ce: ruwa mai laka kuma zafi na hawa, in fara da mai ƙara da sauri, ruwa mai haske ko zafi na sauka, in koma mai tsayawa. In za ka yi amfani da shi, cire ƙugiyoyin da ya zo da su da zobbansu ka sa masu kauri, domin na asalin maski yana miƙar da su.

Game da sanda da igiya ba zan ja ba. Sanda mai ƙafa 8 ko kusa da haka, mai ƙarfi amma kanta na ɗan lanƙwasa don ta iya jefa ƙaramin abu. Igiyar saƙa mai ɗaukar fam 65 zuwa 80. A bakinta dole ka sa guntuwar waya ko igiyar roba mai kauri da ake kira filorokabon, tsawon taƙi ɗaya zuwa kamu, in ba haka ba haƙoransa za su yanke igiyar ya tafi da ƙugiya a baki ya je ya mutu. Sai dai ka kula, waya mai nauyi da manyan maɗaurai tana kashe rawar ƙaramin kifin yaudara, tana ma iya nutsar da kansa idan ya tsaya. Gwada shi a gefen jirgi ka gani kafin ka fara jifa. Ƙugiya kuwa ko sabuwa ce ka wasa ta da magagari har sai bakinta ya kama farcenka. Bakin maski ƙashi ne, kuma yana danne abin da ya kama da ƙarfi, sai ka fizga da dukan jikinka kafin ƙugiya ta shiga.

Kowace jifa ka gama ta a gefen jirgi. Halin kifin nan ne ya biyo abu har gindin jirgi yana kallo bai ci ba. Idan saura kamu ɗaya igiya ta ƙare, tsoma kan sanda cikin ruwa ka zana lamba 8 ko babban da'ira da abin. A lokacin zafi ana ƙara sauri ne idan an ga ya biyo. A ruwan sanyi sau da yawa za ka gan shi can ƙasa, a baya da nisa, yana tafe da kasala. Kada ka yi masa gaggawa. Buɗa kwanar sosai, domin kifi mai tsawon inci 40 ba ya iya juyawa a ƙuntataccen wuri, a ƙarshen kwanar kuma ka ɗan ɗago abin ka tsayar da shi daƙiƙa ɗaya. In ya nutse ya ɓace, ci gaba da zagayen sau biyu ko uku, wataƙila yana ƙarƙashin jirgin. Kada kuma ka raina irin wannan biyowa. Amurkawa suna yi wa maski kirari da kifin jifa dubu goma, don haka duk wanda ya nuna maka kansa ya ba ka adireshinsa ne.

In ba ka da jirgi, wannan ne lokacin da ya fi dacewa da kai a duk shekara, tun da kifayen sun matso gaɓa. Bayan duwatsun gada da lunguna, ka duba ƙasan dam. Idan aka saki ruwa da yawa a bazara, wasu maski suna bin sa su fice daga tafki su taru a ramin da ke ƙasa, kuma ƙasan dam ɗin Alum Creek sananne ne da wannan. Ka jefa a inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Ka kiyayi duwatsun, santsi gare su, ruwan kuma yana iya ƙaruwa ba zato.

Sai maganar doka, wadda nake so ka ɗauke ta da gaske. A Ohio da Kentucky ana kamun maski duk shekara in kana da lasisi. Amma kada ka ɗauka haka take ko'ina. A Minnesota ba a buɗe kamunsa sai Asabar ta farko a watan Yuni, kuma ba a ajiye wanda bai kai inci 54 ba. A Wisconsin sai cikin Mayu, a yawancin lardin Ontario na Kanada sai Yuni. Sun rufe ne don a bar kifin ya zuba ƙwai cikin kwanciyar hankali, domin tafkunansu da yawa da haihuwar kansu suka dogara. Maski ba ya yin sheƙa, ba ya gadin ƙwansa, watsa shi kawai yake yi a kan ciyawa da laka ya tafi, ya ƙyanƙyashe bayan mako ɗaya zuwa biyu. Inda akwai ɗan'uwansa fayik, wanda ke riga shi zuba ƙwai, 'ya'yan fayik sun riga sun yi wayo suna cinye na maski tun suna fitowa. Kaɗan ne ke tsira. A madatsun Ohio kuwa laka da hawa da saukar ruwa suna kashe yawancin ƙwan, shi ya sa hukumar kula da namun daji ta jihar take ɗibar ƙwai ta rena a gidajen kiwon kifi, ta zuba 'ya'yan a tafkuna idan sun yi girma. Kusan duk wanda ka kama a waɗannan tafkuna, to da kuɗin lasisin jama'a aka rene shi, ya kuma yi shekaru kafin ya kai girman da ka gan shi. Duba ƙa'idojin shekarar kafin kowace tafiya, suna canzawa daga tafki zuwa tafki.

Ni ra'ayina, ko inda doka ta yarda, idan ka ga biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a ruwa marar zurfi, babbar mace da ƙaramin namiji manne da gefenta, ka ƙyale su. Suna cikin zuba ƙwai ne, ba za su ma kula ka ba, wanda ya nace kuwa ƙarshenta a baya ko a ciki yake soke su da ƙugiya. Bayan an gama za ka ga mata da tabo da yagaggun fuka-fukai, sun rame, su yi kwanaki ba su cin kirki. Maza ne ke fara dawowa ci.

Sakin kifi yana buƙatar kayansa, kuma wanda bai tanade su ba bai shirya kamun maski ba. Babbar koma mai zurfi wadda kifin zai zauna a ciki yana cikin ruwa, doguwar filaya, da almakashin yanke ƙugiya mai ƙarfi. Bar shi a cikin komar a gefen jirgi kansa na cikin ruwa, ka cire ƙugiya a nan. In ta shige wuri mai wuya, yanke ta, ƙugiya araha ce. In za ka ɗauki hoto, hannu ɗaya a ƙarƙashin murfin kunnensa ba tare da ka taɓa jan naman da yake numfashi da shi ba, ɗayan hannun ya tallafi cikinsa, a kwance. Kada ka taɓa rataye mace mai ƙwai a tsaye da haɓarta, nauyinta zai ji mata rauni a ciki. Ranar da iska ta kai ta daskarar da ruwa, 'yan daƙiƙu a waje sun isa su cutar da idonsa da kunnuwansa, gara ka haƙura da hoton. Abu ɗaya mai daɗi shi ne ruwan sanyi yana riƙe iskar numfashi da yawa, saboda haka kifin da aka saka a Maris ya fi na Agusta saurin farfaɗowa. Riƙe shi ta wutsiya a miƙe har sai ka ji ya fizge da kansa.

Ruwan da kifin ke jin daɗinsa kai yana iya kashe ka, kuma wannan ya fi damuna game da waɗanda suka taso suna iyo a kogunanmu masu ɗumi, domin sun yarda da iyonsu. Rana za ta yi kyau, iska ta kai digiri 18, ka cire rigar sanyi, alhali ruwan yana 6. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, abin da ke fara samunsa shi ne numfashi ya ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin shi ke nan. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya yi suna a binciken wannan, ya taƙaita shi da 1-10-1: minti ɗaya ka shawo kan numfashinka, kimanin minti goma kafin hannu da ƙafa su daina yi maka biyayya, kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya ɗauke hankalinka. Awar nan kuwa mai sanye da rigar hana nutsewa ne kaɗai zai gan ta. Saboda haka ka sa ta a jikinka, ba a ƙarƙashin kujera ba, tun kafin jirgi ya bar gaɓa. Kada ka fita kai kaɗai a Maris. Ka ajiye busassun kaya a cikin leda a jirgi, ka guji auduga a jikin fata domin idan ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, ka gaya wa iyali tafkin da za ka da lokacin da za su sa ran dawowarka. Tun kana gaɓa ka duba ta inda za ka iya hawowa jirgin da jiƙaƙƙun kaya masu nauyi, in babu tsani a bayansa ka ɗaura igiya mai madauki da za ka iya sa ƙafa a ciki.